Yoyon Safiya ta Uku

Da Lorene Tackett ta san jirgin saman nan zai kammalu, da tun ranar da aka sauke akwatunansa a ƙofar gida ta ce a mayar da su inda suka fito. Amma wa ya taɓa gama jirgi a filin Pettigo? Rumfuna tara ne jere a gefen filin ciyawar, kusan kowacce da rabin jirgi a ciki, mai shi ko dai ya mutu ko ya koma kamun kifi. Shi ya sa da mijinta Hollis ya ajiye sana'ar gyaran firji ya ce zai ƙera jirgi da hannunsa, ita ta fara cewa madalla. Ko ba komai zai bar mata kicin ta sarara.

Shekara goma sha ɗaya tana kai masa kofi, tana riƙe masa ƙarshen igiyar awo, tana yaba abin da ba ta gane ba. Kwatsam a watan Afrilu sai ga jami'in gwamnati ya zo, ya zagaya jirgin, ya leƙa nan ya taɓa can, ya sa hannu a takarda. Hollis, mai shekara saba'in da ɗaya da gwiwa guda ta ƙarfe, ya ce shi zai fara tashi da abinsa, ba wani ba. Tun daga ranar abinci ya daina yi wa Lorene daɗi.

Injin ne ya fi tsorata ta. Sauran mutanen filin injin jirgi suka saya suka ɗaura. Hollis kuwa wurin 'yan gwangwan ya je ya ciro injin wata tsohuwar motar tsere, irin wanda ba shi da fistin ko ɗaya, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke wulwulawa a cikinsa. In ya tayar da shi sai karnukan gari duka sun amsa, salansarsa kuma ta yi jajur kamar garwashi.

Abu ɗaya ya rage tsakanin Hollis da sama, shi ne farar takarda. Al'adar filin ce, Virgil Sizemore ya kawo ta, tsohon makanikin jiragen fasinja da ke duba wa kowa aikinsa ba ya karɓar komai sai kofi. Da yamma a kunna famfon mai har bututai su cika, a kashe, a shimfiɗa takardar da mahauta ke naɗe nama a ƙarƙashin jirgi. In aka same ta a bushe safiya uku a jere, mutum ya tashi. In aka ga ɗigo ko ɗaya, a koma farko. Ba doka ba ce, amma ba a taɓa samun wanda ya tsallake ta ba.

Safiyar farko takarda fes. Ta biyu ma fes. Hollis ya fara fito yana aske gemu.

Gidansu a bakin filin yake, kuma Lorene ce ke kai wa kyanwar rumfa abinci kowace safiya, lokacin Hollis na can yana fama da safa da ƙwayoyin hawan jini. Ran safiya ta uku ta tsaya ta daɗe tana kallon takardar. Matar nan shekara talatin ta yi tana koya wa yara a coci cewa ƙarya zunubi ce. Ta koma gida ta ƙofar baya, ta wanke 'yar kwalbar maganin idonta, ta cika ta da fetur daga galan ɗin injin yankan ciyawa. Ɗigo uku ta yi, daidai ƙarƙashin inda famfunan suke, ta laƙato ɗan kaɗan ta shafa a tumbin jirgin.

Ta ce wa kyanwa, “Ke dai ba ki ga komai ba.”

Tana soya ƙwai ta jiyo ihunsa daga rumfa.

Hollis ya kwanta rigingine a kan siminti kwana biyu, ya bi kowane noti da sifana, ya sake shimfiɗa takarda. Safiya biyu a bushe, ta uku ɗigo uku. Ya sauya tiyo biyu da matatar mai. Safiya biyu a bushe, ta uku kamar an aiko. Lorene ta ga ba dalilin ɓata fetur a safiyar farko. Gara ta bar shi ya yi murna kwana biyu, ya ci abinci da kyau. A ganinta wannan tausayi ne.

Kowace Asabar mutanen filin kan haɗu a babbar rumfa su ci fanke da naman alade, matansu na juyawa a kan tanda. Dewey Purvis, mai rumfar da ke jikin ta Hollis, shi ke fara buɗe taro. Jirginsa na injin fistin ne irin na kaka da kakanni, kuma bai taɓa yafe wa Hollis zaɓen wani injin ba.

“Tackett, ina labarin zarton yankan itacen namu? An ce ya sake fitsarin kwance.”

“Ci fankenka, Purvis.”

“Ni fa tausayinka nake ji. Injin da sai an dama masa baƙin mai a cikin fetur kamar ana dama wa jariri madara, ai dole ya riƙa tumbuɗi.”

“Naka da ke karkarwa kamar mai zazzaɓi fa? Abu uku ne kawai ke motsi a cikin nawa. Naka kuwa ɗari ne, kowanne yana neman ƙofar gudu.”

“Haka ne. Sai dai nawa yana sama, naka yana kan takarda.”

Aka kwashe da dariya. Daga nan gardama ta koma kan famfo, kowa ya zama gwani. Wannan ya ce a nutsa shi a cikin tanki kamar na mota, mai ya riƙa sanyaya shi. Wancan ya ce ranar da ya lalace sai ka yanka fiffike kafin ka ciro shi, ka ga an yi ba a yi ba. Wani da bai taɓa gama ko wutsiyar jirginsa ba ya fi kowa ɗaga murya. Virgil ya sharɓe kofinsa, sannan ya yi magana a hankali yadda ya saba.

“Irin famfon nan gwanin turawa ne, rago ne wurin tsotsa. Ka sa shi ƙasa da tanki, mai ya gangaro masa da kansa. Guda biyu gefe da gefe, kowanne da wayarsa daban, kowanne da makarin da zai hana mai komawa baya. In ɗaya ya mutu a sama, ɗayan ya kawo ka gida.” Ya ajiye kofin. “Amma ni ba famfo ne ya ɗaure mini kai ba. Shekara arba'in ina bin yoyo, ban taɓa gamuwa da wanda ya iya ƙirga uku ba. Hollis, ka ajiye mini tsofaffin takardun nan, kar ka zubar.”

Sannan ya ɗan waiwaya. “Mis Lorene, fankenki na ƙonewa.”

Hollis dai ya riga ya yanke hukunci. Ya ce tsofaffin famfunan da ya ciro daga mota ne, haɗin jikinsu ya gaji, sanyin asuba ke buɗa shi. Ya kwana uku a cikin littattafan masu sayar da kayan jirgi, tabarau a karan hanci, yana karanta wa Lorene galan nawa wannan ke turawa a awa, wancan wuta nawa yake ci, tana cewa to. Ran Litinin sababbi biyu suka iso. Ya sauko da mazauninsu ƙasa yadda Virgil ya ce, a gindin katangar da ta raba injin da kujera. Sabon wuri kuwa sai da sababbin bututai, kowane bututu sai an buɗa bakinsa kamar na mazurari kafin noti ya matse shi.

Ƙungiyar filin tana da ƙarfen buɗa baki guda ɗaya da kowa ke ara. A makon nan yana hannun Dewey.

“Je ka karɓo mana, taku goma ne,” in ji Lorene.

“In je in roƙi Purvis? Gara in buɗa shi da haƙori.” Ya jawo tsohon akwatin sana'arsa, ya zaro nasa ƙarfen mai jan mariƙi, ya dubi Lorene, wadda yake kira Mama. “Mama, tun kafin Purvis ya iya ɗaure takalmi nake buɗa bakin bututu. Kin taɓa jin an dawo mini da firji?”

Ba ta taɓa ji ba, don haka ta riƙe masa bututun.

Ran Laraba da yamma ya gama. Ya gwada famfo na ɗaya, ya kashe, ya gwada na biyu, allurar agogon awon matsin mai ta tsaya inda ake so. Ya shimfiɗa takarda. Maimakon ya tashi su tafi gida sai ya kife bokiti ya zauna, ya baza tafukan hannunsa yana kallo.

“Mama, in wannan ma ya ɗiga, na haƙura. Wataƙila hannun ne ya tsufa ban sani ba. Mutumin da ya kasa toshe ɗigo uku, me zai je yi a sama?”

Abin da Lorene take so ke nan tun farko, amma da ta ji shi daga bakinsa sai ya zame mata kamar ta tauna tsakuwa a shinkafa. Ita jirgin take so ya gaza, ba mutumin ba. A kan hanyar gida ta bari ya yi gaba, ta zaro kwalbar daga aljihun riga ta cilla cikin kududdufin bayan rumfa. Ta ce a ranta ta tuba. In ya so Ubangiji ya riƙe shi a sama, tunda ita ta kasa riƙe shi a ƙasa.

Da safe ta zo da abincin kyanwa, sai ga ɗigo a takarda.

Har sai da ta laluba aljihunta. Guda ɗaya ne, faɗinsa bai wuce maɓallin riga ba, tsakiyarsa ta soma bushewa, gefensa kuwa wani tabo kore-kore mai maiƙo. Ta dubi kyanwa, kyanwa ta dube ta. Hollis ya shigo ya gani, bai yi ihu ba. Ya duƙunƙune takardar ya jefa a duron shara ya fita. Washegari Juma'a ma haka, ɗigo ɗaya da tabonsa, aka sake jefawa a duro.

Da tsakar rana tana feraye dankali sai ga Hollis ya faɗo kicin, ya manta da gwiwarsa, fuska kamar an yi masa bushara da jika.

“Mama! Ba yoyo ba ne! Purvis ne!”

“Purvis ne me?”

“Virgil ya biyo yanzu, 'yarsa za ta kai shi birnin Little Rock a yi masa aikin ido. Ya ɗaga tsofaffin takardun nan uku a rana, ya ce, ‘Hollis, me ka gani?’ Na ce ba komai. Ya ce, ‘To shi ne.’ Kin gane? Man jirgina da baƙin mai a dame, duk inda ya ɗiga in ya bushe sai ya bar tabon maiƙo. Waɗannan kuwa sun bushe tas kamar ba a taɓa su ba. Zallan fetur ne wani ɗan banza ke zuwa yana ɗiga mini! Wata guda tsohon munafukin nan yana cin fanke yana kallona!”

Wuƙar ta tsaya a hannun Lorene. “Tabon maiƙo ka ce?”

“Kore-kore haka. Ba ya ɓuya.”

“To... ta jiya da ta yau fa? Virgil ya gan su?”

“Suna cikin shara. Ya ga me? Ɓarawo ɗaya ne, sawu ɗaya ne.”

“Da dai ka duba.”

“Ya ce wai in jira shi ya dawo Litinin a sake ƙirga uku. Ina! An ce daga Lahadi ruwa zai sauka mako guda. Safiya tara jirgina bai ɗiga ba, ai na cika sharaɗi har da gyara. Gobe bayan fanke zan tashi, a kan idon Purvis.”

Ya sumbaci goshinta ya fita yana fito. Lorene ta zauna da dankali a cinya. Sau uku a yinin nan ta shirya maganar a bakinta, sau uku ta haɗiye. A wurin addu'ar cin abincin yamma, bayan Hollis ya ce amin, ta ƙara tata a ɓoye, ta roƙi Ubangiji ya gaggauto da ruwan Lahadi ya sauke shi Asabar, in da hali har da ƙanƙara.

Gari ya waye tangaran, ko ƙyallin gajimare babu.

Labari ya riga ya zaga, babbar rumfa ta cika. Hollis ya jira sai da Dewey ya cika baki da fanke, sannan ya miƙe ya ɗaga tsofaffin takardun ya yi bayani dalla-dalla, ya ƙare da nuna shi da cokali.

Dewey ya haɗiye da ƙyar. “Ni? Tackett, Allah ya sani ba ni ba ne.”

“Wane ne to? Kyanwa?”

“Ka san halina. Da ni na yi, ai da ban iya kwana biyu ban ba da labari ba. Haushina ɗaya, wani ya riga ni tuna dabarar.”

Ba wanda ya yarda da shi, shi ma da ya ga ana tafa masa sai ya daina musu da ƙarfi. Maza huɗu suka turo jirgin waje kan ciyawa. Hollis ya gyara hularsa, ya zagaya shi yana taɓa fiffike, ya ɗora ƙafarsa mai lafiya a kan mataki.

Lorene ta ajiye cokalin juyi. Ta ratsa ta bayan mutane ta shiga rumfarsu, ta zura hannu har kafaɗa a duron shara, cikin tsummoki da ɓawon ayaba, ta zaro takardun nan biyu. Ta fito tana warware su a kan cinya.

“Hollis Ray Tackett! Sauko da ƙafar nan.”

Duk namijin da ke wurin sai da ya ɗan gyara tsayuwa, don ba wanda uwarsa ba ta taɓa kiransa da cikakken suna ba.

“Dewey bai yi komai ba. Ni ce. Da kwalbar maganin idona da fetur ɗin yankan ciyawa, ɗigo uku-uku, sau uku.”

Naman alade ya soma ƙonewa a tanda. Dewey ne ya fara motsi. Ya cire hularsa ya dafe a ƙirji.

“Mis Lorene, shekara ashirin ina zaune kusa da malama ban sani ba.”

“Yi mini shiru, Dewey.” Ta ɗaga takardun. “Amma ran Laraba na jefar da kwalbar. Waɗannan biyun ba nawa ba ne. Dubi tabon.”

Hollis ya sauko a hankali. Bai dubi takardun ba, ita ya duba.

“Wata guda, Mama. Wata guda ina birgima a siminti, kina miƙo mini sifana.”

“Na sani.”

“Har kina cewa sannu.”

“Na ce na sani. Ka yi fushinka, ka yi har Kirsimeti in ka ga dama. Yanzu dai dubi tabon.”

“Tabo! Jiya da bakina na gaya miki sirrin. Galan ɗina yana nan a rumfa a dame, mabuɗi kuma yana hannunki. Dabara ta ƙare an sako sabuwa, ko?”

Abin da ta ji tsoro ke nan. Wanda aka kama da akuya ɗaya, ko tasa ya ja sai an ce ta sata ce. Ta ninke takardun ta sa a aljihu.

“To kar ka yarda da ni. Buɗe murfin injin, ka kunna famfo a gaban kowa. In a bushe yake, ni da hannuna zan janye maka katakon da ke tare taya, kuma ba za ka ƙara jin bakina ba.”

“Wannan tayin ba a ƙin sa, Tackett,” in ji Dewey. “Ni shekara arba'in ina jiran irinsa a gidana.”

Aka kwance murfin. Dewey ya ɗauko tukunyar kashe gobara ya tsaya a gefe. Hollis ya zura hannu cikin jirgin ya danna makunni, famfo ya ɗauki zuzuniya kamar ƙudan zuma a tulu. Kawuna shida suka sunkuya. Aka yi minti ɗaya, aka yi biyu. Hollis ya bi kowane haɗi da yatsa, ya ɗago yatsan a bushe ya nuna mata.

“Kin gani? Katakon taya, Mama.”

Sai Lorene ta tuna 'yar takardar da yake karantawa da ƙarfi a falo tun sanyin bara, yana tuƙa jirgi daga kan kujera ita tana saƙa.

“Ba haka kake tashi ba.”

“Me?”

“Birki a danne, tanki na hagu, famfo biyu a kunne. Sau dubu na ji ka. Guda ɗaya ka kunna.”

“Ɗaya da biyu ai duk...”

“Kunna mata, tsoho,” in ji wani daga baya.

Ya danna na biyun. Zuzuniyar ta yi kauri, allura ta ɗan ƙara hawa. Lorene ta buɗe jakarta ta ciro madubin hoda, ta durƙusa da rigar zuwa taro a kan ciyawa, ta zura shi bayan haɗin da ya fi kusa da katanga, inda ido ba ya kaiwa. Da farko ba ta ga komai ba sai hancinta. Ta ɗan karkata madubin, rana ta faɗa ciki.

Wani siririn zare ne, bai kai kaurin na gizo-gizo ba, yana fita daga bayan notin, ya yi baka, yana sauka a kan bututun salansa da ke tazarar tafin hannu. Inda yake sauka ƙarfen ya jiƙe yana ƙyalli.

Ta kamo hannun rigar Hollis ta jawo shi ƙasa har ya ga abin da ta gani. Ya daɗe yana kallo. Kowa a wurin ya san launin da salansar nan ke komawa minti biyu bayan an ba injin wuta. Hollis ya miƙa hannu ya kashe famfunan, ya nemi wuri a kan tayar jirgin ya zauna.

Dewey ya ajiye tukunyar, ya karɓi sifana ya kwance haɗin. Ya ɗaga bakin bututun saitin idonsa, ya juya shi, ya sake juyawa. Murmushi ya soma daga gefen bakinsa, ya yi ƙoƙarin danne shi don ganin halin da ake ciki, ya kasa.

“Tackett, da me ka buɗa wannan?”

Hollis ya saci kallon akwatin sana'arsa.

“Jama'a, ku zo ku ga bakin firji! Digiri arba'in da biyar! Na jirgi talatin da bakwai ne, tsoho, shi ya sa muke da ƙarfenmu daban. Wannan a kan gefe kawai ya zauna, ka kuma matse shi har ya tsage. Ashe ba zarto ka ƙera ba, firji ne mai fiffike!”

Sunan da ya bi jirgin ke nan har yau.

Ruwa ya sauka Lahadi kamar yadda aka ce. Kwana biyu Hollis bai ce wa Lorene komai ba in ban da “miƙo gishiri”. Ran Litinin Virgil ya dawo da bandeji a ido ɗaya, aka ba shi labari, ya saurara har ƙarshe bai yi dariya ba.

“Na so in yi miki magana tun ran fanken nan, Mis Lorene,” ya ce. “Sai na ga ba huruminmu ba ne mu makanikai.” Ya juya ga Hollis. “Haɗi nawa ka yi da ƙarfen firjin?”

“Shida.”

“A cire duka shidan.”

Dewey da kansa ya kawo ƙarfen ƙungiya, ya ɗaura masa jan ƙyalle kamar kyautar biki. Virgil ya zauna a kan bokiti yana duba kowane baki da idonsa guda, ya mayar da biyu aka sake. Aka gwada da famfo ɗaya, aka gwada da biyu, aka bar su suna zuzuniya kwata guda, madubin hoda na zagayawa hannu zuwa hannu. Da aka zo shimfiɗa takarda wani ya ce ya kamata a karɓe mabuɗin rumfa daga hannun Mis Lorene, a ba Virgil ya riƙe.

Hollis yana goge hannu da tsumma, bai ɗago ba. “Ku bar mata. Wa zai ba kyanwa abinci?”

Safiyar farko a bushe. Ta biyu a bushe. Ta uku ta faɗo ran Juma'a, ruwa ya ɗauke, ciyawa na tururi. Lorene ta buɗe rumfa ta zuba wa kyanwa abinci, ta tsaya. Takarda fara fat. Ga jan galan ɗin Hollis a jikin bango, an rubuta “damamme” a jikinsa da hannunsa mai karkata. Yanzu ta san aikin ciki da waje. Ta san wane mai, ta san ɗigo ɗaya ya isa, ta san ba za ta sake jiran safiya ta uku kamar sakarya ba. Ko Virgil da idonsa biyu ba zai kama ta ba. Har ta kai hannu kan murfin galan ɗin, ta ji sanyinsa. Mabuɗin rumfar yana ɗaya hannun, ya yi mata nauyi kamar guduma.

Ta ja ƙofa ta koma gida. Hollis yana bakin gado da safa ɗaya a ƙafa.

“Yaya?” ya ce, bai dube ta ba.

“Je ka gani da idonka. Ƙwai nawa zan soya?”

Washegari ya tashi. Lorene ta janye katakon taya da hannunta, ta koma gefen fili ta tsaya kusa da Virgil mai riƙe da oba-oba. Jirgin ya ruga a kan ciyawa yana kururuwa, ya ɗaga hanci, ya haye saman itatuwan da ke ƙarshen filin. Ta yi niyyar rufe ido, ta manta. Minti ashirin da biyar yana kewaya filin, Virgil na tambayarsa matsin mai da zafin ruwa, muryarsa na dawowa a tsinke kamar ta yaron da aka saya wa keke. Da ya zo sauka ya yi tsalle biyu kafin tayoyin su yarda da ƙasa.

“Sauka uku a tashi ɗaya!” Dewey ya yi ihu. “Firjin nan akwai albarka!”

Hollis ya fito da ƙyar, gwiwa ta ƙage, hula a karkace. Maza suka rufe shi da bubbuga kafaɗa. Ya ratsa su ya zo gaban Lorene ya tsaya, yana ƙoƙarin ɗaure fuska, fuskar ta ƙi ɗauruwa.

“Daga can sama rufin gidanmu na buƙatar fenti,” ya ce.

“Shekara uku ina gaya maka daga nan ƙasa.”

“Mama, awa arba'in doka ta ce in yi ni kaɗai kafin in ɗauki fasinja. Saura talatin da tara da rabi.” Ya nuna kujerar dama da haɓa. “Har matashi na sa mata.”

Lorene ta dubi kujerar, ta dubi mijinta, sannan ta ɗaga murya.

“Dewey! Zo, maƙwabcinka na da albishir a gare ka.”

Dewey, wanda ya ji komai, ya riga ya yi nisa wajen motarsa, yana cewa ya bar wake a kan wuta.